Gayya Ba Kiɗa a Bayan Gidan Inna

Duk baƙon da ya sauka unguwarmu a Tudun Wada a shekarun nan, kafin ya san ƙofar gidan mai unguwa ya riga ya san tukunyar Inna mai koko. Banufiya ce, tsohuwa, gajeriya mai ƙarfin murya. Mijinta ya rasu tun kafin in zo, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Tana cikin waɗanda suka fara kafa gida a wurin, lokacin da aka ce baƙi su zauna a bayan ganuwa, ba cikin birnin Zazzau ba. Ranar da na iso daga ƙasar Katsina, ba ni da komai sai jakar kayan dukancina, ita ce ta fara miƙo mini ƙwarya. Da ta ji daga inda na fito sai ta tafa hannu ta ce, "Yau Allah ya kawo mini bawana har gida!" Kun san wasan Nufawa da Katsinawa. Daga ranar ba ta ƙara kirana da wani suna ba.

Unguwar ta baƙi ce zalla. Ga Kanawa, ga Barebari, ga mutanen Bauchi, kowa ya bar danginsa a nesa. In jinkar mutum ta ruɓe babu ɗan'uwan da zai taya shi baibaya, in ya mutu babu mai haƙa masa kabari. Wannan ne ya sa muka haɗa kanmu, mu samari kaɗan. Yau da sai a ce ƙungiya, amma mu a lokacin 'yan gayya ake ce mana. Muna haƙa kabari, muna baibaya, muna sassabe hanyar masallaci in ciyawa ta rufe ta. Shugabanmu wani mahauci ne Bakano, ƙato, mai son raha, muna kiransa Sarkin Samari. Wanda zai shiga cikinmu goro yake karɓa daga hannunsa ya ci a gabanmu. In ka ci goron nan, to ko ina aka kira aiki sai ka zo da kayan aikinka.

Ba mu da yawa, kuma akwai dalili. Shekarun nan ana ɗiban mutane. In ba aikin hanyar jirgi ba, to dakon kayan soja ne na yaƙin da Turawa suke yi tsakaninsu. Wasu sun tafi sun dawo, wasu har yau babu labari. Saboda haka namiji mai ƙarfi ba ya son a gan shi a taro, balle taron da ake riƙe diga da kwando.

A bayan gidan Inna akwai kududdufi. Da can ɗan rami ne, amma duk wanda ya zo zai gina ɗaki sai ya roƙe ta ya ɗebi ƙasa, don ƙasar wurin ja ce mai danƙo, tubalinta ba ya tsagewa. Ba ta taɓa hana kowa ba. Ni ma ɗakina da ƙasar nan na gina shi. A hankali ramin ya faɗaɗa, ya yi zurfi, ya matso har gindin katangarta.

Daminar shekarar da nake ba da labari ta yi ƙarfi. Aka yi marka, kududdufin ya cika ya batse. Wata safiya na je shan koko na tarar Inna ba ta ɗora tukunya ba. Ta ja hannuna zuwa bayan gida. Ruwa ya kwanta a jikin katanga, ƙasan ta jiƙe ta yi baƙi, ga tsaga ta taso daga gindi ta nufi ɗakin kwananta, har yatsana yana shiga.

Na ce, "Inna, ki kwashe kayanki ki dawo ɗakina, ni in koma masallaci."

Ta ce, "In kwana a ɗakin bawa? Allah ya kiyaye." Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta dafa katangar ta ce, "Maigidana ya ɗora tubalin nan da hannunsa. A ɗakin nan ya cika. In ya faɗi, ina za ni? Ƙasar Nufe babu wanda ya san ni yanzu."

Na kira Sarkin Samari da sauran 'yan gayya. Muka zagaya muka duba. Hanya ɗaya ce, a haƙa magudana daga bakin kududdufin, ta bi ta wani matsattsen lungu tsakanin gidaje biyu, ta gangara kwarin da yake kai ruwa rafin Kubanni. Aikin ba na mutane kaɗan ba ne. In mu kaɗai ne, sai mu ci kwanaki, ruwan sama kuwa ba zai jira mu ba. Kowa ya san wani babban ruwa guda ya isa ya gama da ɗakin.

Sarkin Samari ya ce, "Bi gida-gida da goro zai ci mana lokaci. A sa mai shela ya zagaya, gobe a wayi gari da jama'a."

Duk muka ce madalla. Babu wanda ya tsaya ya yi tunani a cikinmu. Mai unguwa kaɗai ya ɗan yi jim da muka kai masa maganar, ya shafa gemu ya ce, "Shela? To, ku dai kuka sani." Ya ba mu mai shelarsa.

Da la'asar ina zaune ina ɗinkin takalmi na jiyo gangar. Sai muryar ta biyo baya: "Jama'a, mai unguwa ya gaishe ku! Gobe da asuba kowane namiji mai ƙarfi ya fito da diga ko fartanya da kwando!"  Gangar nan, muryar nan, kalmomin nan, da su ake tara mutane duk ranar da za a yi ɗiba. A ƙarshe ya ambaci gidan Inna, amma wa ya tsaya ya ji ƙarshe? Wani mai sayar da itace da ke gefena ya bar daminsa a ƙasa ya shige lungu.

Washegari bayan sallar asuba muka taru a bayan gidan Inna. Mu ɗin ma ba mu cika ba. Rana ta fito, ta ɗaga, babu wanda ya zo. Can sai wanzaminmu, wani Babarbare da yake cikin gayyar, ya iso yana haki.

Ya ce, "Sarki, ka kori gari. Wasu tun jiya suka tsallaka Tudun Jukun, wasu an gan su a hanyar Dutsen Abba. Masu iyali kuma suna cikin gida, sun ce a ce ba sa nan."

Sarkin Samari ya jefar da digarsa ya zauna a kan tudun ƙasa. 

Muka koma abin da ya kamata mu fara da shi. Muka sayi goro muka shiga bi gida-gida. Amma namiji iyakarsa zaure. Mu yi sallama, sai murya ta fito daga ciki, "Ba ya nan." A wani gidan ga takalman maigidan a bakin zaure, ni na ɗinka su, na san su. Na ce, "Uwargida, ƙafa ba takalmi ya fita?" Ta ce, "Ya yi sauri ne." Haka muka yi ta yawo har azahar, goron yana nan yadda muka saye shi. Gabas kuwa ta fara haɗa baƙi.

Muka dawo muka faɗa wa Inna. Ta saurara har muka gama, sannan ta ɗaura gyale a ƙugu ta ce, "Ku ba ni goron. Bawana, taso ka riƙe mini ƙwarya."

Tsohuwa kamar Inna babu gidan da ba ta shiga. Ba ta jiran a ce ta shigo. Ni nakan tsaya a zaure, amma gidajen lokacin zana ce ta raba ciki da waje, duk abin da aka faɗa ina ji.

Gidan farko na wani maɗinki ne mutumin Bauchi. Matarsa ta ce, "Inna, wallahi tun jiya..."

Inna ta katse ta, "Kada ki rantse, 'yar nan, zunubi ne. Rumbunku tari yake yi?"

 Can na ji motsi, na ji dawa tana zuba, sai muryar maɗinkin a ƙasa-ƙasa, "Inna, ina wuni."

"Lafiya lau. Sauko, kada gara ta cinye ka. Ba Bature ya aiko ni ba, ba kuma mai unguwa ba. Ni ce. Ɗakin nan da matarka take tsaye a ƙofarsa, ƙasarsa daga ina aka ɗebo?"

"Daga bayan gidanki, Inna."

"To ramin da ka bari ya zo zai ci ɗakina. Ga goro."

 Maɗinkin ya ce, "Inna, ba ƙin ki nake yi ba. In muka taru da diga a hannu, aka zo aka kewaye mu fa? Ƙanena haka aka tafi da shi."

Inna ba ta yi masa alkawarin ƙarya ba. Ta ce, "Ban isa in hana su zuwa ba. Ban san abin da gobe za ta kawo ba. Abin da na sani, in ba ku zo ba ɗakina ya tafi."

Ya ce, "To, amma ba kiɗa. In na ji ganga ba zan fito ba."

Na ji ƙarar goron da ya ɓara da haƙori.

Haka ta bi unguwar har magariba ta kusa. Ta fito da wani daga bayan tulunan ruwa, wani daga akurkin awaki. Wasu sun ƙi karɓa, ba ta zage su ba, sai ta ce Allah ya tsare ta wuce. Inda maigida ya gudu da gaske, ta bar goron a hannun matarsa ta ce a aika masa. Kowa kuma sharaɗinsa ɗaya, kada a yi kiɗa.

Sarkin Samari ya ji wannan ya ce, "Gayya ba makaɗi? Ai wannan jana'iza ce. Da me mutum zai ji ƙarfin ɗaga diga?"

Inna ta ce, "Da kokona. Kai dai kiɗanka ya ishe mu haka."

Ranar aikin gari ya waye da zafi mai nauyi, irin wanda iska ba ta motsi. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowa ta lungu daban, wasu sun ɓoye fartanya a cikin riga. Sun fi yadda na zata, amma ba su kai yadda muke so ba. Wanda ya zo ba ya ko doguwar gaisuwa, sai ya faɗa rami. Muka fara daga kwari muna haƙowa sama, muka bar bakin kududdufin a toshe sai ƙarshe. Na yi gayya da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba waƙa, ba kirari, ba mai tsokanar wani. Ba ka jin komai sai saran diga da numfashi. In kare ya yi haushi a nesa, sai kawuna su ɗago gaba ɗaya.

Wajen azahar mun shiga cikin lungun nan, inda katanga take dama da hagu. Saura kaɗan mu kai bakin ruwa. Hadari ya taso daga gabas, ya rufe rabin sama. A nan ne wanzami ya taɓa ni da gwiwar hannu. Na ɗaga kai. A bakin hanya, ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa, ga dogari tsaye da jan rawaninsa da bulala a hannu.

Digogi suka tsaya. Ya tako a hankali har bakin ramin, yana bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. 

Dogarin ya ce, "Wa ya sa aka yi shelar tara maza a unguwar nan shekaranjiya? An ji a sama, an ce ba a ba da wannan umarni ba. Ina mai taron?"

 Sai Sarkin Samari ya fito daga ramin, jikinsa duk laka. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Gidan tsohuwa ruwa zai ci, shi muke tarewa."

"Ka zo ka faɗa da bakinka a can."

Sarki ya juyo ya miƙo mini digarsa. Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Bakatsine, kada in dawo in tarar ka karya mini ƙota." Ya so ya ba mu dariya ne, amma babu wanda ya yi. Muka bi su da ido har suka nufi Ƙofar Doka.

Suna ɓacewa wani ya ce, "Ya ƙirga mu. Kun ga idonsa? Zai dawo da mutane." Wani ya jefar da kwando. Kafin in buɗe baki, duk sun juya sun nufi bakin lungu, don nan ne kaɗai mafita, gaba ruwa ne, gefe katanga. Na ɗaga murya ina cewa ku tsaya, saura kaɗan, amma wa zai saurari baduku?

Sai suka ci birki. Inna ta riga su. Ta zauna daɓas a bakin lungun, ta jingina bayanta da katanga ɗaya, ta miƙe ƙafafunta har suka taɓo ɗayar. Ludayin koko yana hannunta.

Ta ce, "Wanda zai tafi ya tafi, ban riƙe kowa ba. Sai dai ya tsallake ni."

A cikin mutanen nan akwai wanda zai iya ɗaukarta da hannu ɗaya. Amma ɗan da aka haifa aka yi wa tarbiyya ba ya tsallake ƙafar tsohuwa. Suka tsaya cirko-cirko. Na gaba ya ce, "Inna, don Allah ki janye ƙafarki."

"Ciwo take yi, ba ta lanƙwasuwa."

"Inna, iyali gare ni."

"Na sani. Ni na yi wa matarka wankan jego." Ta nuna sama da ludayin. "Ku duba can. Ko sun taso yanzu, ruwan nan zai riga su isowa. In ya sauko kowa ya kama gabansa, ni da kaina zan tashi in ba ku hanya."

Aka yi tsawa. Iska mai sanyi ta bugo, ta ɗebi ƙasa ta watsa mana a ido. Ban san wanda ya fara komawa ba, ina jin maɗinkin ne, don na ji yana cewa, "Mun ci goro, jama'a, mun ci goro." Ni dai na faɗa ramin da digar Sarki na shiga sara kamar mahaukaci. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo. Yanzu ba tsoron dogari kaɗai ke korar mu ba, har da sama.

Ruwan ya fara da manyan ɗigo, sannan ya ɓarke gaba ɗaya. Ramin ya zama taɓo, kwando ya yi nauyi, ƙafa tana zamewa. Ba ka ganin na gabanka sosai. Kududdufin yana tasowa muna kallo, ya haura inda tsagar take. Inna ta cika alkawari, ta tashi daga bakin lungu ta tsaya gefe cikin ruwan. Mutum biyu ko uku suka wuce, ban ga laifinsu ba. Sauran suka tsaya.

Da muka kai toshiyar ƙarshe, wanzami ya yi ihu kowa ya fita daga ramin. Ni da shi muka tsaya a gefe muna saran bakin daga sama. Ƙasar ta yi laushi, ta tsage, sai ruwan ya ɓalle da ƙarfi har ya kusa tafiya da ni, wani ya fizgo ni ta wuyan riga. Jan ruwa ya cika lungun yana gudu zuwa kwari.

Muna tsaye muna kallo sai muka ji rugugi a bayanmu. Katangar bayan gidan Inna ta zube cikin kududdufi, ta tafi da rumfar da take girki. Inna ta yi salati ta ruga, muka bi ta. Ɗakin kwanan yana tsaye. Tsagar ta hau har kusa da jinka, ruwa yana lasar gindinsa. Muka tsaya cikin ruwan sama muna kallon wurin da ruwan ya kai a jikin bango. An daɗe, sannan wanzami ya durƙusa ya sa yatsa ya ce, "Yana ja baya." Muka matsa muka duba. Alamar jiƙa tana sama, ruwan yana ƙasa da ita.

Inna ta shiga ɗakin, ta dafa bango, ta fito. Ta dube mu, mun jiƙe sharkaf, laka har gira. Ta ce, "To me kuke jira? Ku tafi gida kafin a zo a kwashe ku."

Ba wanda ya zo. Sarkin Samari ya dawo washegari da hantsi, idonsa ja don rashin barci. An tsare shi, an yi masa faɗa, an ce kada a ƙara jin shela a unguwar sai da izini. Bai ko je gida ba, ya wuce bayan gidan Inna. Ya tarar da ita ta kafa duwatsun murhu a ƙofar ɗakin ta ɗora tukunya, mu kuma muna tsince tubalin da bai narke ba. Ya zagaya ɗakin, ya sa hannu a tsagar, ya ce da rani sai an rushe wannan gefen an sake ɗora shi.

Maɗinkin ya ajiye tubalin da ke hannunsa ya ce, "Sarki, in akwai sauran goro, ba ni naka. Na Inna na ci, ban ci na gayya ba."

Sarki ya laluba aljihu, ya fito da guda ɗaya da ya kwana da shi, ya ɓara biyu don wani ma ya miƙo hannu. Daga nan muka fara yawa. Amma ba mu ƙara kiran aiki da ganga ba, ko bayan da ɗiban mutane ya wuce. In aiki ya taso, wata tsohuwa muke ba ƙwaryar goro ta shiga gidaje.

Da rani muka sake gina gefen ɗakin, da ƙasar da muka ɗebo daga nesa. A cikinsa Inna ta zauna sauran shekarunta, a cikinsa kuma ta cika, inda mijinta ya cika. Mu muka haƙa kabarinta. Allah ya jiƙanta.